Tartibin Hanya a Cikin Manhajojin Zumunta: Lacca ga Jama'ar Yasore

 

  Iyayena maza da mata, 'yan'uwana da ƙannena na Yasore, da waɗanda suka tako daga sauran garuruwan Batsari da Safana.

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, domin bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma kuwa ya shiga gidajenmu da kasuwanninmu da majalisunmu shigar da ba wani baƙo da ya taɓa yi: watau fuskar wayar hannu, da yadda aka jera ƙofofi da alamomi a cikin manhajojin zumunta irin su WhatsApp da Facebook da TikTok. Sau da yawa akan ji dattijo, bayan ya yi ta laluben wani abu a waya bai samu ba, ya miƙa wa jikansa yana cewa, "Karɓi, ni kaina ba ya ɗaukar wannan abu," alhali kuwa shi ne mutumin da ya haddace iyakar kowace gona a ƙauyensu, kuma yake lissafin cinikin buhu ɗari ba tare da ya taɓa alƙalami ba. Abin da nake so in tabbatar muku da hujja shi ne, galibi laifin ba na kan dattijon ba ne, na wanda ya tsara hanyar ne. Kuma ma'aunin da ya kamata a auna kowace manhaja da shi, shi ne halin mafi rauni daga cikin masu amfani da ita, kamar yadda malaman fiƙihu suka karantar da mu cewa liman yakan yi la'akari da tsoho da majinyaci da mai uzuri da ke bayansa kafin ya tsawaita karatu.

Abin da magabata suka riga mu sani

Kada wani ya zaci ilmin tsara hanya ga mai nema baƙon ilmi ne da ya zo mana daga Amurka, domin duk wanda ya taɓa buɗe gafaka ya ga Alƙur'ani rubutun hannu na alarammominmu, ya riga ya ga asalin wannan fanni. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, iska ko yaro na iya watsa su. Saboda haka marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, don duk wanda ya tsinta ya san inda za ta koma. Ya raba littafin izu sittin, kowane izu sumuni takwas, ya yi wa kowane zayyana tasa a gefen shafi, ta yadda almajiri zai hango sumuni ko rubu'i ko nusufi tun bai karanta harafi ɗaya ba. Ya rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, kuma bai taɓa musanya waɗannan launuka tsakanin sura da sura don nishaɗi ko neman a ce ya iya ba. Haka kuma ma'abuta littattafan fiƙihu da muke karantawa a zaure suka jera mas'aloli babi-babi, tsarki kafin salla, salla kafin azumi da zakka, har ɗalibi ya san inda zai nufa da tambayarsa.

A cikin wannan aiki akwai ƙa'idoji huɗu waɗanda masanan zamani suka sake ganowa da gwaje-gwaje: a nuna wa mai nema inda yake, a nuna masa inda zai nufa, a ba shi hanyar komawa idan ya ɓace, kuma kada a sauya masa alama bayan ya saba da ita. Ku riƙe waɗannan huɗu a zuciya yayin da muke auna abin da ke aljihunmu.

Yadda abin ya iso mana

A watan Agustan 2001 ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, kuma wayoyin farko masu maɓallai ba su wahalar da kowa ba, domin kore na kira ne, ja na kashewa ne, yatsa kuma yana jin maɓallin ko da a cikin duhu. An kafa Facebook a 2004, aka kafa WhatsApp a 2009, kamfanin Facebook kuma ya saye shi a 2014 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 19. Amma abin da ya buɗe wa mutanenmu ƙofa haƙiƙatan, a ganina, abu biyu ne: zuwan wayoyin shafawa masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, da kuma saƙon murya da WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Daga ranar da ya zama mutum zai danna alama guda ya yi magana da harshen da ya sha a nono, ɗan'uwansa da ke ci-rani a Legas ko Agadas ya ji muryarsa, daga ranar ne wanda bai yi boko ba ya zama cikakken ɗan majalisa a wannan dandali. WhatsApp da kansa ya bayyana a 2022 cewa ana aika saƙon murya kimanin biliyan 7 a kowace rana a duniya.

A 2015 aka fito da Facebook Lite, ƙaramar manhaja da aka yi musamman don wayoyi marasa ƙarfi da wuraren da sabis ke da rauni, a 2016 kuma aka sa Hausa cikin harsunan Facebook, shekarar da mai kamfanin, Mark Zuckerberg, ya ziyarci Legas da Abuja. Mu kuwa mutanen wannan yanki mun san darajar waya sanin da mutumin birni bai yi ba, domin a watan Satumban 2021, sabili da matsalar tsaro, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana na cikinsu, ba a maido ba sai a ƙarshen shekarar. Wanda ya yi tafiya mai nisa, ya biya kuɗin mota, don kawai ya samu sabis ya aika saƙo guda, ba ya bukatar a gaya masa cewa kowace daƙiƙa da manhaja ta ɓata masa wajen lalube hasara ce.

Sharaɗi na farko: ƙofa ta kasance a bayyane

Akwai alamar nan ta layuka uku da aka jera bisa juna, da 'yar'uwarta ta ɗigo uku a kusurwar sama, waɗanda a bayansu ake tara abubuwa masu yawa. Wani mai zane da ake kira Norm Cox ne ya ƙirƙiri ta layuka ukun don wata kwamfuta ta kamfanin Xerox da ta fito a 1981, sa'an nan masu manhajojin waya suka farfaɗo da ita domin fuskar waya ƙarama ce, suna neman inda za su ɓoye kaya. Amma abin da ido bai gani ba zuciya ba ta cika nemansa ba, kuma binciken da cibiyar Nielsen Norman ta wallafa a 2016 ya nuna cewa idan aka ɓoye ƙofofi a bayan irin wannan alama, mutane sukan rage amfani da su, kuma sukan ɗauki lokaci mai tsawo kafin su gama abin da suka zo yi. Facebook ya riga ya gane haka tun 2013, lokacin da ya fito da manyan ƙofofinsa fili ya jera su a ƙasan fuskar iPhone.

Sai dai bayyanawar ma tana da haddi, domin wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, William Hick, ya tabbatar a 1952 cewa gwargwadon yawan abin da aka ba mutum ya zaɓa, gwargwadon jinkirinsa wajen yanke shawara. Haka kuma kamfanonin Apple da Google duka sun shawarci masu ƙira da kada manyan ƙofofin da ke ƙasan fuska su wuce biyar. Hikimar ke nan: a zaɓi abubuwa kaɗan waɗanda mutum ke bukata kullum a sa su a fili, sauran a jera su a ciki bisa tartibi. Mas'alar da ta rage, wadda zan dawo kanta, ita ce wa ke da ikon cewa ga abin da mutum ke bukata kullum.

Sharaɗi na biyu: a girmama yatsa

Wani Ba'amurke, Paul Fitts, ya nuna a 1954 cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya sami abin da ya nufa ya dogara ne da nisan abin da kuma girmansa: na kusa mai faɗi ya fi saurin samuwa, na nesa ƙarami ya fi jawo kuskure. A 2013 kuma wani mai bincike, Steven Hoober, ya lura da yadda mutane ke riƙe waya har sau 1,333 a tituna da tashoshi da wuraren cin abinci, ya tarar kusan rabin masu taɓa fuskar wayar da hannu ɗaya suke aiki, babban yatsa ne ke yin komai. To, in haka ne a ƙasashen da mutum ke zaune a kujera, ina ga matar da ke goye da yaro tana tuƙa tuwo, ko ɗan acaɓa da ya tsaya gefen hanya, ko makiyayin da sanda ke ɗaya hannunsa? Babban yatsa ƙasan fuska yake kaiwa cikin sauƙi, kusurwar sama kuwa sai an gyara riƙo, kuma wayoyi kullum ƙara tsawo suke yi. Duk da haka sai a 2024 WhatsApp ya kammala sauko da manyan ƙofofinsa daga sama zuwa ƙasa a wayoyin Android, waɗanda su ne a hannun kusan kowa a nan.

Game da girma kuwa, Google ya ƙayyade cewa duk abin da za a taɓa kada faɗinsa ya gaza kimanin milimita 9. Amma ba kowane yatsa ba ne irin na ɗan ofis. Yatsan da ya yi shekara arba'in yana riƙe da fartanya ya fi kauri, fatarsa ta yi kanta, fuskar wayar kuma sau da yawa ta tsage, ga hasken rana na bazara da ke dushe rubutu. Wanda ya sa alamar kira da murya dab da alamar kira da bidiyo, har mutum ya taɓa wadda bai nufa ba ya buɗe kyamara a cikin gidan da ake kulle, bai yi tunanin irin gidajenmu ba.

Sharaɗi na uku: alama ta yi magana da harshen mai kallonta

A nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne ciwon yake. Wata baiwar Allah 'yar Indiya, Indrani Medhi, wadda ta yi aiki a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalore tun wajen 2006, ta zauna da mata masu aikatau a unguwannin talakawa waɗanda ba su iya karatu ba, daga baya aikin ya kai har Kenya da Afirka ta Kudu da Filifin, tana neman irin fuskar da za su iya sarrafawa ba tare da rubutu ba. Abin da ta gano ya dace da halinmu ƙwarai. Na ɗaya, waɗanda ba su iya karanta kalmomi ba galibi suna gane lambobi. Na biyu, zanen hannu mai kama da abin da aka sani ya fi saurin fahimta a kan alamar da aka taƙaita har ta rasa kama, ya kuma fi hoto na haƙiƙa wanda tarkacen da ke cikinsa ke raba hankali. Na uku, idan alama tana magana da murya yayin da aka taɓa ta, tsoro yana raguwa. Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, ƙofa a cikin ƙofa a cikin ƙofa ita ce babbar masifa, domin mutum yakan mance ta inda ya shigo. Jeri guda mai tsawo ya fi masa sauƙi a kan rassa masu zurfi.

Ku dubi alamomin da aka ba mu. Ga wani ƙarfe lanƙwasasshe na maƙale takardun ofis, an ce shi ne alamar haɗa hoto da saƙo. Ga haƙoran inji, an ce su ne saiti. Ga jirgin takarda irin na wasan yaran Turawa, an ce shi ne aikawa. Ga gilashin ƙara girma, an ce shi ne nema. Wasu cikin waɗannan daga teburin akawu suka fito, wanda bai taɓa zama ofis ba kuwa sai dai ya haddace su kamar yadda ake haddace baƙin da ba a san ma'anarsa ba. Mutanenmu sun haddace, kuma wannan shaida ce ta kaifin basirarsu. Suna gane mutum da hotonsa, suna gane zauren WhatsApp da launin tambarinsa, suna gane saƙo da tsawonsa. Amma abin da aka riƙe da hadda kawai yana rushewa da zarar an matsar da shi, kuma a nan ne ƙa'idar alarammomi ta rashin musanya launi take da nauyi. A 2018 kamfanin Snapchat ya birkita tsarin manhajarsa baki ɗaya, sai mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke suna neman a maido musu da tsohon, ala tilas kamfanin ya sake gyara. Waɗancan masu ilmin boko ne, suna da inda za su kai kuka. Tsohuwar da aka matsar wa alama a Yasore ba ta da kowa sai jikanta.

Fassara zuwa Hausa alheri ce, amma ba ta wadatar ba, saboda dalilai uku. Da yawa daga cikin dattawanmu da ajami suke karatu, harufan boko ba su amfane su ba ko da Hausa aka rubuta. Sa'an nan wata fassarar an yi ta ne kalma da kalma, har mai karatu ya gwammace ya koma Turancin da ya riga ya haddace surarsa. Na uku, wurin nema a cikin manhaja rubutu yake karɓa, alhali dukiyarmu duk a murya take: wanda ke neman saƙon da dillali ya faɗa masa farashin gero makon jiya sai ya bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya yana saurare. WhatsApp ya fara mayar da murya rubutu a ƙarshen 2024, amma da harsuna kaɗan ya fara, babu Hausa a cikinsu. Gyaran da ya fi dacewa da mu shi ne manhajar da za a tambaya da baki ta amsa da baki.

Sharaɗi na huɗu: a sanar da mutum halin da yake ciki, a bar masa hanyar tuba

A 1994 Jakob Nielsen, mutumin Denmark, ya jera ƙa'idoji goma na sauƙin amfani, ta farkonsu ita ce na'ura ta riƙa sanar da mai ita abin da ke gudana. A nan dole a yaba wa WhatsApp, domin 'yar alamar agogo, da maki ɗaya, da maki biyu, da shuɗin da aka ƙara a 2014, sun gaya wa wanda bai iya karatu ba cewa saƙonsa bai tashi ba, ko ya tashi bai isa ba, ko ya isa, ko an buɗe, ba tare da kalma ko ɗaya ba. A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma saƙon na iya zama gargaɗi ne ga 'yan'uwa su kauce wa wata hanya, bambancin maki ɗaya da biyu ba ado ba ne.

Amma ku dubi wani wurin da aka yi sakaci. A 2017 aka ba mutum damar goge saƙo daga wayar kowa, sai aka ajiye wannan zaɓi dab da na gogewa daga wayarsa shi kaɗai, da rubutu iri ɗaya da launi iri ɗaya. Wanda ya aika maganar iyali cikin zauren unguwa bisa kuskure, ya yi gaggawar gogewa, ya taɓa na biyu maimakon na farko, sai saƙon ya ɓace masa shi, ya zauna wa jama'a, ba shi kuma da ikon janye shi. Shekara biyar aka yi a haka kafin a 2022 a ba da daƙiƙa biyar na warware kuskuren. Ɗan Adam ajizi ne, kuma tsarin da bai tanadi wurin gafala ba tsari ne da aka yi wa mala'iku.

Inda maslahar kamfani ta saɓa wa tamu

Yanzu na dawo kan mas'alar da na ajiye. Ba kowace wahala ba ce ta samo asali daga jahilcin mai ƙira. Wata da gangan aka gina ta, domin waɗannan kamfanoni da talla suke cin abinci, tallar kuwa da yawan lokacin da ka yi kana kallo ake sayar da ita. A 2006 wani injiniya, Aza Raskin, ya ƙirƙiri shafin da ba ya ƙarewa, wanda ko nawa ka ja sai wani ya fito, daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. TikTok ya kai abin matuƙa, domin da ka buɗe bidiyo ya fara, ba a tambaye ka abin da kake so ba. Ga sauƙi kam ya kai sauƙi, har yaron da bai fara magana ba yana iyawa, amma sauƙi ne da ke cinye data da caji da lokacin salla, kuma littafin da ba shi da sumuni ba shi da izu, mai karatunsa bai san inda zai tsaya ba. A 2010 wani Bature, Harry Brignull, ya fara tattara irin dabarun da ake yi wa mutane, kamar a faɗaɗa maɓallin yarda a ƙanƙanta na ƙi, ko a sauƙaƙa shiga a tsananta fita. A shari'armu wannan ba shi da wani suna sai algus.

Ku auna da kanku. A 2024 an sa da'irar Meta AI a fuskar farko ta WhatsApp, inda yatsa zai same ta ko bai nema ba, ba kuwa wanda ya roƙa. Amma lambar sirri ta biyu, wadda aka samar tun 2017, wadda kuma ita ce ke hana ɓarawo ƙwace asusunka bayan ya yaudare ka ka karanta masa lambobi shida ɗin nan da ke zuwa ta saƙo, sai ka shiga ɗigo uku, ka shiga saiti, ka shiga asusu, sa'an nan ka same ta. Haka wurin hana hotuna da bidiyo sauka da kansu suna cinye kati suna cika waya, haka wurin hana baƙo jefa matarka ko 'yarka cikin zauren da ba ta sani ba. Abin da ke kare ka yana ƙurya, abin da ke amfanar su yana bakin ƙofa.

Kada kuma a fahimci cewa kowane cikas sharri ne. Bayan jita-jitar da aka yaɗa ta WhatsApp ta jawo kashe-kashe a Indiya, kamfanin ya sa wa saƙon da aka turo alama a 2018, ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a duniya duka a Janairun 2019, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya riga ya yawata sosai zuwa wuri ɗaya tak, ya kuma ce yaɗuwar irin wannan saƙo ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Mu da muka ga yadda muryar da ba a san mai ita ba ke tayar da gari cikin dare, ko tsohon hoto na wata ƙasa ya zama labarin yau, mun san wannan jinkiri rahama ne, kuma ya dace da umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Ƙa'idar ita ce a sauƙaƙa hanyar maslaha, a sa tsani a hanyar mafsada.

Abin da ya hau kanmu

La'alla wani zai ce, mu da muke gefen dajin Rugu, ina ruwanmu da abin da ake ƙerawa a Kalifoniya? Amsa ita ce 'ya'yanmu na karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Hassan Usman a Katsina, kuma gobe su ne za a ba aikin manhajar asibiti da ta taki da ta ƙungiyar manoma. Gare ku nake magana, ƙannena. Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yana tono mafi yawan aibobin tsari, saboda haka ba ku da uzurin rashin kuɗi. Ku ɗauki abin da kuka ƙera ku kai wa mutum biyar, a cikinsu a sami tsohuwa da manomi da almajiri, a kan wayarsu ba taku ba, a inda sabis ke da rauni. Ku ce musu su aika saƙo ga wane, sa'an nan ku kame bakinku, kada ku nuna, kada ku taimaka, ku dai lura da inda yatsa ya tsaya yana shakka. Duk inda ya tsaya, nan ne kuskurenku, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku gyara, ku nemi wasu biyar.

Ku kuma masu shagon caji da masu tura karatu da fina-finai a waya, ku ne malaman wannan fanni a ƙauye ko kun sani ko ba ku sani ba, kuma wayar da aka miƙo muku amana ce. Duk wanda kuka buɗe wa asusu, ku sa masa lambar sirri ta biyu wadda shi zai zaɓa, ku kashe masa saukar bidiyo da kanta, ku ƙara masa girman rubutu, ku jera masa manhajojin da yake bukata a fuskar farko, ku kuma gaya masa kada ya karanta wa kowa lambobi shida ko da muryar ɗan'uwansa aka kira shi. Malamanmu, ina roƙon ku sa wannan cikin nasihar bayan salla, domin kare dukiya da mutunci suna cikin manufofin shari'a. Iyayena kuwa, ku daina cewa kanku ne ba ya ɗauka. Ku tambaya, matambayi ba ya ɓata, kuma ku faɗa wa yaran nan dalla-dalla inda abin ya shige muku duhu, domin wannan bayani naku shi ne ilmin da kamfanoni ke biyan kuɗi masu yawa su samu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta rashin tsaro, ya ba mu damina mai albarka, ya sa abin da muka ji ya amfane mu duniya da lahira, ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.